Wa Ya Lalubo Hujjar? Likita, Laburare da Binciken da Ke Kwance a Kabad

Wanda ya tashi daga Kawo ya nufi Zariya ba zai yi nisa ba zai tsinci kansa a Rigachikun: ga filin baje kolin kasuwar duniya, ga hedikwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa wato NTI, ga cibiyar NOUN, jami'ar karatu daga nesa, sai jerin kemis-kemis da ƙananan asibitocin kuɗi da ke bin bakin titi. A bayansa, cikin garin Kaduna, akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, mai ɗauke da sunan likita na farko da Arewa ta samar, da asibitin ido na ƙasa, da na kunne, da asibitin sojoji na 44, da cibiyar binciken ciwon barci da sammore wadda ta girmi 'yancin kan Najeriya. A gabansa kuma akwai Shika, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Da wuya a sami wani titi a Arewa da masu binciken lafiya suka jeru a kansa kamar wannan.

A 'yan shekarun nan wani aiki ya shiga bakin likitoci da malaman jami'a na wannan titi. Sistamatik ribiyu suke ce masa. Bari mu kira shi tsararriyar bita. Mutum zai ɗauki tambaya guda ɗaya tak, misali ko wata allura na rage mutuwar jarirai, ya rubuta tun kafin ya fara yadda zai nemo amsar, sannan ya tattaro duk binciken da aka taɓa yi a kan tambayar, wanda sakamakonsa ya yi masa daɗi da wanda bai yi ba, ya auna ingancin kowanne, in alƙaluman sun haɗu ya haɗa su wuri guda. Aikin ya yi farin jini saboda dalilai biyu da ba a cika faɗa a zauren taro ba: ba ya buƙatar majinyaci ko ɗakin gwaje-gwaje, kuma sauran marubuta na yawan ambatonsa, wanda shi ne abin da kwamitin ƙarin girma ke son gani. Wannan ba laifi ba ne. Abin da ya dame ni shi ne jerin sunayen da ke saman takardar. Za ka ga likita, ka ga masanin ƙididdiga, wani lokaci har da shugaban sashe wanda hannu kawai ya sa, amma ba kasafai za ka ga ma'aikacin laburare ba. Alhali duk aikin a kan lalube ya tsaya, kuma lalube sana'a ce mai zaman kanta. Mai sana'ar yana can ƙarshen baranda, ba a tunawa da shi sai in ana neman fasawod.

Don a gane girman abin, sai an koma ga allurar da ta zama tambarin wannan fanni. A 1972, wasu likitoci biyu a Auckland ta ƙasar New Zealand, Graham Liggins da Ross Howie, suka wallafa gwajin da ya nuna cewa idan aka yi wa mace mai shirin haihuwar bakwaini allurar wani nau'in sinadarin siteroid, huhun jaririn na saurin nuna, ya tsira daga sarƙewar numfashin da ke kashe bakwaini. An yi ta ƙananan gwaje-gwaje bayan nan. Wasu sun nuna amfani, wasu ba su nuna komai a fili ba saboda ƙarancin mutanen da aka gwada. Likitan da ya karanta ɗaya ko biyu daga ciki yana da hujjar yin shakka, kuma da yawa sun yi, shekara da shekaru, jarirai na mutuwa. Sai wajen 1990 Patricia Crowley da abokan aikinta suka tattaro gwaje-gwajen duka suka haɗa, amsar ta fito ɓaro-ɓaro. Zanen da ke nuna wannan haɗi shi ne tambarin ƙungiyar Cochrane, wadda Iain Chalmers da wasu suka kafa a 1993 don yin irin wannan bita a kowane ɓangaren lafiya.

Yawancin masu ba da labarin a nan suke tsayawa, amma rabinsa na biyu ne ya fi shafar mu. Kusan duk gwaje-gwajen nan a asibitocin ƙasashe masu arziki aka yi su, inda ake sanin makon ciki da na'ura, akwai kwalabar bakwaini, akwai iskar oksijin. Da aka gwada yaɗa allurar a ƙananan asibitocin Ajantina, Guatemala, Indiya, Kenya, Pakistan da Zambiya, sakamakon da mujallar Lancet ta wallafa a 2015 ya girgiza kowa: mutuwar jarirai ƙaruwa ta yi, haka alamun kamuwa da ƙwayoyin cuta a jikin iyaye. An yi wa mata da yawa allurar alhali cikinsu ya kusa isa ko ya isa, kuma babu kulawar da jaririn zai samu bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake wani gwaji a asibitoci 29 na Bangladesh, Indiya, Kenya, Najeriya da Pakistan, da mata 2,852, a wuraren da ake tabbatar da makon ciki kuma ake iya kula da bakwaini. A 2020 aka fitar da sakamako: mutuwar jarirai kashi 19.6 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa allurar deksametason, kashi 23.5 ga waɗanda ba a yi wa ba. Allura ɗaya, amma amfaninta ko cutarwarta ya danganta da irin asibitin. Ungozomar da ke aikin dare a wani ƙaramin asibiti a Igabi tana buƙatar amsar da aka gina a kan asibiti irin nata, kuma bita ba za ta ba ta wannan amsa ba sai in wanda ya yi laluben ya iso inda hujjar irin wurinta take.

To mene ne wahalar lalube? Ai kowa na da waya. PubMed, rumbun bayanan da Laburaren Lafiya na Ƙasa na Amurka ke gudanarwa, kyauta ne tun 1997, kuma yana ɗauke da bayanin takardu sama da miliyan 35. Wannan sauƙin ne ma ke ruɗin mutane. Likita ya rubuta kalma uku, takardu suka zubo, ya ɗauka ya gama.

Ɗauki cutar da Zariya ta yi suna da ita a littattafan likitancin duniya: ciwon zuciyar da ke kama mata a ƙarshen ciki ko cikin jego. A shekarun 1970 Neil Davidson da Eldryd Parry sun bi mata 224 da suka kamu da ita, suka wallafa a 1978, kuma sun danganta yawanta da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kunun kanwa, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka sake duba lamarin, bincikensu ya fi karkata ga talauci, rama, hawan jinin masu ciki da ƙarancin sinadarin seleniyam. Ga tambaya mai kyau ga matashiyar likita: shin wankan jego na da hannu ko babu? Ta zo laburare da kwamfutarta a hannu.

"Malam, na riga na duba, takardun ba su da yawa."

"Likita, da wane suna kika nemi cutar?"

A nan zancen yake. Takardun Zariya na farko sun kira ta gazawar zuciya ta lokacin haihuwa; na yanzu suna kiranta ciwon tsokar zuciya. Wasu sun ce ta bayan haihuwa, wasu ta jego. Turancin Ingila da na Amurka sun bambanta wajen rubuta wasu kalmomin likitanci. Wata takardar ba ta ambaci Najeriya a takenta ba sam, Zariya kawai ta ce, ko Hausawa, ko Sahel. Kanwa kuwa wani ya rubuta ta da sunanta na Hausa, wani da sunan ma'adini, wani ya ce gishirin tafki. Ma'aikacin laburaren da ya san aikinsa zai buɗe kundin kalmomin MeSH, wanda PubMed ke yi wa takardu laƙabi da shi, ya ga a ƙarƙashin wane kai aka ajiye cutar, da shekarar da aka fara amfani da wannan kai, domin takardun da suka riga shi suna ƙarƙashin wani. Zai jera duk sunayen cutar ya haɗa su da OR (wato "ko"), ya jera na al'adar jego ya haɗa, sannan ya ɗaure gungun biyu da AND (wato "da"). Kuskuren baka guda a wannan layi na iya zubar da rabin takardun ba tare da kwamfuta ta yi ko tari ba. Daga nan zai yi gwajin da ba kowa ke tunawa da shi ba: ya ce wa likitar ta kawo takardu huɗu ko biyar da ta tabbata sun dace, ya duba ko laluben ya kamo su. In ya tsallake ta 1978, an san akwai ɓaraka. Aikin kamar jefa koma ne: in idonta ya yi faɗi kifi ya zube, in ya yi ƙanƙanta ka janyo laka da ciyawa har ka gaji da tsinta. Bayan PubMed kuma sai a sake rubuta laluben da yaren kowane rumbu, domin Embase na da nasa kundin kalmomi, rumbun gwaje-gwaje na Cochrane na da nasa tsari. A ƙarshe a rubuta ranar da aka yi kowane lalube da adadin abin da ya fito, yadda wani a Kalaba ko Alƙahira zai iya maimaitawa ya sami abu ɗaya.

Wanda ke ganin wannan ƙaƙale ne, ya tuna abin da ya faru a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka a 2001. Wata matashiya mai shekara 24, lafiyarta ƙalau, ta shiga wani binciken cutar asma a matsayin 'yar sa kai, aka shaƙa mata sinadarin heksametoniyam, huhunta ya lalace, ta rasu. Bin diddigi ya nuna cewa tun shekarun 1950 an wallafa rahotannin illar sinadarin ga huhu, amma laluben da aka yi bai kai can ba, domin a lokacin PubMed bai cika wuce tsakiyar shekarun 1960 ba. Ma'aikatan laburaren lafiya sun san da wannan iyaka, sun kuma san inda ake duba abin da ya gabace ta. Bayan rasuwar, jami'ar ta shigar da su cikin tsarin tantance irin wannan bincike. A 2011 Cibiyar Nazarin Lafiya ta Amurka ta sa aiki da ƙwararren mai lalube cikin ƙa'idojin tsararriyar bita. A 2015 kuma Melissa Rethlefsen da abokan aikinta suka duba bitocin da manyan mujallun likitanci suka wallafa, suka tarar waɗanda ma'aikacin laburare ke cikin marubutansu sun fi bayyana lalube mai inganci wanda za a iya maimaitawa.

Duk wannan gaskiya ne a ko'ina. Akwai kuma wani aiki da babu mai iya yi wa duniya shi sai ma'aikacin laburaren da ke zaune a Kaduna ko Zariya ko Kano, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Arewa ba ta rasa bincike ba. Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a jere a asibitocin Zariya, ya wallafa a 1985, aikin da ya taimaka wajen jawo hankalin duniya ga mutuwar mata wajen haihuwa kafin taron da aka yi kan batun a Nairobi a 1987. David Warrell a Zariya ya yi aikinsa na farko mai nauyi kan saran gobe-da-nisa. Brian Greenwood shi ma a Zariya ya yi shekaru kan sanƙarau. Aikin Garki kan zazzaɓin cizon sauro, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafinsa a 1980, har gobe ana komawa gare shi. Waɗannan sun shiga manyan mujallu, ana samunsu. Amma a ƙarƙashinsu akwai tarin da ba a gani. Duk likitan da ya zama ƙwararre ta Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin, ko ta kwalejojin Afirka ta Yamma, sai ya rubuta kundin bincike. Haka masu digiri na biyu da na uku a fannin lafiyar al'umma, magunguna, jinya da gwaje-gwaje. Wasu kundayen sun zama takardu a mujalla. Wasu suna kabad, da baƙin bango da rubutun ruwan zinare, gara da ƙura na rabon su. Kuma ba haka kawai kundi ke kwanciya a kabad ba: wanda sakamakonsa ya nuna magani na aiki shi ake ɗokin wallafawa, wanda ya nuna babu bambanci shi ake bari. Bitar da ta tsaya ga abin da aka wallafa kaɗai za ta yi wa magani kwalliyar da ba tasa ba.

Sai mujallunmu. Annals of African Medicine da ke fitowa daga Sakkwato tana cikin PubMed. Amma akwai wasu da dama na asibitocin koyarwa da ƙungiyoyin likitoci waɗanda ko dai ba sa ciki, ko wasu shekarunsu kawai ke ciki. Wasu ana samunsu a AJOL, dandalin mujallun Afirka da aka fara a 1998, wanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan mujallu a kansa. Wasu a African Index Medicus, wanda ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Afirka ya kafa tare da AHILA, ƙungiyar ma'aikatan laburaren lafiya na nahiyar. Lalube a waɗannan wurare ba shi da santsin PubMed. Dogon layin kalmomi ba ya tafiya yadda ake so, sai an gutsuttsura shi, wani lokaci sai an bi mujalla fitowa bayan fitowa da ido. Mai bita a Landan ba zai yi wannan ba, in ma ya so bai san sunayen mujallun ba. Mai bita a Kaduna da ya tsallake su kuwa ba shi da uzuri, domin ya zubar da abin da shi kaɗai ke da shi, ya je yana gasa da masu Embase a filin da suka fi shi kayan aiki.

Akwai wani layi da ke yawan bayyana a bitocinmu wanda nake ganin ya kamata ya ba mu kunya: an taƙaita lalube ga takardun Turancin Ingilishi. Ga mai bincike a Legas wataƙila asarar kaɗan ce. Ga wanda ke bincike kan sanƙarau, tamowa, yoyon fitsari ko sikila a ƙasar Hausa, wannan layi ya yanke Maraɗi da Damagaram da Tawa. Mutane ɗaya, abinci ɗaya, al'adar jego ɗaya, iskar hunturu ɗaya. Cibiyar CERMES da ke Yamai ta daɗe tana aiki kan sanƙarau, ɗaliban likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni da Faransanci suke rubuta kundayensu, kuma mujallu irin su Médecine d'Afrique Noire na ɗauke da rahotannin asibitocin yankin. Iyakar da Turawa suka shata ta koma cikin akwatin lalube, mu da kanmu muke danna ta. Laburaren lafiya a Arewa da ba shi da ko mutum ɗaya mai iya karanta taƙaitaccen bayani da Faransanci, ko abokin hulɗa a Yamai da zai aika wa saƙo, bai cika ba.

Za a ce ai matsalar kuɗi ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Embase da Scopus na kamfanin Elsevier ne, da dala ake biya, kuma tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Shirin Hinari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 da manyan kamfanonin wallafa, yanzu yana ƙarƙashin Research4Life, yana buɗe dubban mujallu kyauta ko a farashi mai rahusa ga cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Sai dai alfarma ce, kamfani na iya janye nasa daga ƙasar da ya ga dama, kamar yadda Bangladesh ta gani a farkon 2011 kafin surutu ya sa a mayar. Ga kuɗin wuta, ga intanet mai zuwa da tafiya. Duk da haka ban yarda kuɗi ne babbar matsalar ba. PubMed kyauta ne. AJOL kyauta ne a lalube. Zotero, mai tara takardu da cire maimaici, kyauta ne. Rayyan, wanda aka ƙirƙira a Qatar don mutum biyu su tace takardu kowa ba ya ganin hukuncin ɗan'uwansa, yana da sigar kyauta. PROSPERO, rajistar Jami'ar York da ake shigar da tsarin bita kafin a fara tun 2011, ba a biyan ko sisi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da ya iya haɗa waɗannan, aka kuma ba shi lokaci da daraja ya yi.

Na taɓa shiga wani laburaren asibiti da ba zan kama sunansa ba. Kwamfutoci a jere an lulluɓe su da leda, sabbin kujeru, allon da ke ɗauke da sunan wanda ya buɗe ginin. Ma'aikaciyar da ke wurin tana da digiri na biyu, kuma aikinta na ranar shi ne rubuta sunayen masu shigowa a rajista da tsare jakunkuna. Mun iya gini da sayen kaya, domin su ake ɗauka a hoto. Asusun TETFund na ware kuɗin bunƙasa laburare ga manyan makarantu, kuma da an karkatar da ɗan kaso daga sayen kujeru zuwa horar da mutum biyu a kowace kwalejin likitanci, da an ga bambanci.

Ba zan wanke ma'aikatan laburare tas ba. Sashen koyar da ilimin laburare na Jami'ar Ahmadu Bello tun 1968 yake, ya yaye mutane masu yawa, amma digirin laburare shi kaɗai ba ya sa mutum ya iya laluben tsararriyar bita. Sai ya koyi yaren likitoci, ya san bambancin gwajin da aka raba mutane ta ƙuri'a da binciken da aka bi mutane kawai aka gani, ya san ƙa'idojin PRISMA na bayar da rahoto da na PRESS na duba laluben abokin aiki. Likitan da ya je laburare sau ɗaya aka kasa fahimtar tambayarsa ba zai koma ba, kuma zai gaya wa goma. Wasu ma'aikatan kuma sun saba da zaman jiran a zo, alhali wannan aiki na wanda zai tashi ya je taron sashe na safe ne, ya zauna a baya ya ji abin da ke damun likitoci. A ɓangaren likitoci kuwa akwai girman kai, mu faɗi gaskiya. Tsarin asibiti tsani ne, kuma wanda ba ya sa farar riga yana can ƙasa. Mutum zai kwana yana gina lalube na rumbu biyar, ya rubuta sashen hanyoyin bincike da hannunsa, a saka masa da layin godiya a ƙarshen takarda, in ma an tuna. Shi ma malamin jami'a ne, da takardu ake yi masa ƙarin girma. In ya tsara laluben, ya gudanar, ya rubuta, ya karanta takardar ya amince da ita, sunansa na cikin marubuta; wannan haƙƙi ne, kuma shi ne kaɗai abin da zai sa masu hazaƙa su zaɓi wannan layi.

Wani zai ce ai ƙirƙirarriyar basira ta zo, manhaja za ta yi duk wannan. Tana taimakawa wajen tace dubban takardu, gaskiya ne. Amma an sha kama manhajojin hira suna ƙirƙiro takardun da babu su, da sunan marubuci da shekara da shafi. Kuma ko wadda ba ta ƙarya ba za ta karanta kundin da ke kabad a Shika ba, tunda ba a taɓa ɗora shi a intanet ba.

Haɗarin da na fi tsoro ma ba ƙarancin bita ba ne, yawanta ne. Tun 2010 wasu masana, ciki har da Chalmers, suka ƙiyasta ana wallafa gwaje-gwaje 75 da tsararrun bitoci 11 a kowace rana, kuma a 2016 John Ioannidis ya yi ƙorafin cewa yawancin waɗanda ake fitarwa maimaici ne ko masu ɓatarwa. Wani nazari na 2017 ya gano cewa bita ta gaskiya na cin kimanin makonni 67 daga rajista zuwa wallafa. Saboda haka idan ka ji an gama ɗaya cikin hutun mako biyu don a cika takardun ƙarin girma, ka san inda aka yanke. Mummunar bita ta fi mummunan bincike guda illa, saboda tana zuwa da rigar hukuncin ƙarshe, ita masu rubuta ƙa'idojin magani ke ɗauka, daga can ta gangaro kan takardar da aka manna a bangon ɗakin haihuwa. Tambayar farko da ma'aikacin laburare nagari ke yi, wato ko wani ya riga ya yi wannan bitar, ita kaɗai za ta hana ɓarnar watanni.

Abin da nake ganin zai yiwu ba babba ba ne. Ba kowane asibiti ne zai iya riƙe ƙwararren mai lalube ba, kuma ba sai kowanne ya riƙe ba. Cibiyoyin da ke tsakanin Kaduna da Zariya za su iya haɗa teburi guda: mutum uku ko huɗu daga laburarensu, a horar da su sosai, kowane mai bita ya aiko da tambayarsa, ɗaya ya gina lalube, wani ya duba masa. Masu horarwa ba sai an je Turai ba. Cochrane Najeriya tana Asibitin Koyarwa na Jami'ar Kalaba tun 2006, inda Farfesa Martin Meremikwu ya jagoranci kafa ta, kuma ta daɗe tana koyar da wannan aiki. Batun koyarwa daga nesa kuwa, Rigachikun ce gidansa: NTI tun 1976 take horar da malamai suna bakin aikinsu ba tare da sun bar ajinsu ba, NOUN na maƙwabtaka da ita. Kwas na wata shida ga ma'aikatan laburaren asibitoci daga Sakkwato zuwa Maiduguri, ana haɗuwa ido da ido sau ɗaya ko biyu, bai fi ƙarfin waɗannan cibiyoyi ba in masu ruwa da tsaki sun zauna.

Aikin farko na teburin ya zama jerin kundaye: take, shekara, sashe, taƙaitaccen bayani da inda kundin yake, a ɗora inda kowa zai iya lalubawa, tun kafin a sami kuɗin ɗaukar hoton kowane shafi. Na biyu kuma yana hannun kwamitocin bincike na asibitoci da kwalejoji. A fom ɗin da mai bita ke cikewa a ƙara tambaya uku: wa ya gina laluben, wa ya duba shi, kuma waɗanne rumbunan Afirka da kundaye aka bincika. Kwamitin kowane asibiti na iya amincewa da wannan a zamansa na gaba ba tare da jiran ko kwabo daga Abuja ba.